Mai Gishiri da Ɗumin Teku

Da can, a bakin teku, akwai wata mata mai shanya gishiri tare da wasu mata maƙwabtanta. Wata safiya ta tsoma ƙafa a teku, ta ji ɗumi. Ta san in teku ya yi ɗumi, tururinsa kan tashi ya zama hadari.

Ta ce wa maƙwabtanta, "Mu kwashe gishirinmu kada ruwa ya narkar da shi."

Suka ce, "Haba Iya, sama garau take!"

Suna dariya, tana kwasa. Rana na ƙuna, tana kwasa, tana waiwayen teku.

Da la'asar iska ta taso daga teku, gari ya yi baƙi. Matan suka ruɗe. Ta buɗe rumbunta ta ce, "Maza ku kawo naku, da sauran wuri!"