Jarkar da ta ƙi yin danƙo

Ƙarfe biyu za a kai yarinyar kotu, ga shi tara ta wuce, kuma Sufeto ya kasa zama a kujerarsa. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya buɗe fayil, ya rufe. Saje na kallonsa da gefen ido. Ya san in maigidansa ya fara tauna murfin biro, to akwai abin da bai kwanta masa ba.

Jiya ne mai wani ƙaramin kamfanin man gashi da na shafawa ya kawo ƙara. An kwashe masa jarka guda ta sinadarin da ya fi komai tsada a sitonsa, an cika ta da gilisarin, wani ruwan haɗi mai araha. Makullin sito biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun yarinyar da ke yi masa haɗi. Sufeto bai tsaya dogon tunani ba ya sa aka kama ta. Yau kuma ransa sai cizonsa yake yi, domin in ta shiga gaban alƙali da tuhumar sata, ba kamfanin da zai sake ɗaukarta aiki.

Ya sa aka fito da ita daga sel, ɗakin da aka tsare ta. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Wa ya fara gane an sauya kayan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na je na faɗa masa."

Sufeto ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Tambayar da ya kamata ya yi jiya ke nan.

Ta yi masa bayani a hankali, irin na wadda ta saba koyar da masu taurin kai. Sunan sinadarin furobitamin B5. Shi kansa bai zama bitamin ba tukuna, sai ya shiga fata jiki ke juya shi ya zama bitamin. Yana riƙe danshi, yana kwantar da ƙaiƙayi da kaushi, yana sa gashi ya yi laushi ya rage karyewa. Kaɗan ake sawa, cokali ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, in an zarce sai gashi ya yi danƙo ya riƙa kama ƙura. Kuma kauri gare shi ya fi zuma, ba ya zubuwa sai an tsoma jarkar cikin ruwan zafi kusan awa guda.

"Ranar Litinin na karkata jarkar sai ta zubo ba gardama," in ji ta. "Nan na san ba shi ba ne."

Kafin ta rufe baki Sufeto ya ɗauki hularsa.

Kamfanin ɗaki huɗu ne a bayan wani garejin kanikawa. Mai gadi ya rantse ya maya cewa ranar Lahadi ko kyanwa ba ta shiga ba. Yana rantsuwar yana kallon takalminsa.

A ɗakin haɗi Sufeto ya tarar da wata dattijuwa tana goge tukwanen ƙarfe tana mita ita kaɗai. Ita ce mai shara, kuma ba wanda ya tambaye ta komai jiya. Da ma neman mai saurare take yi. Ta ce ranar Asabar ta bar tukunyar gas cike, Litinin ta same ta saura kaɗan. Babban bahon da take kifewa a kan tebur kuwa ta tsince shi a ƙasa, da sauran ruwa a ciki.

"Yarinyar haka take barin baho?"

"Wa? Ita? Ai ko cokali ta taɓa sai ta wanke ta shanya. Wannan aikin ƙazami ne, ɗana."

Sufeto ya duba agogo. Sha ɗaya da kwata. Ya koma wajen mai gadi, bai ɗaga murya ba, ya ce masa wani ya shafe awa guda yana dafa ruwa a nan ranar Lahadi, kuma a sel akwai wurin mutum ɗaya. Gumi ya keto wa bawan Allah. Ya ce shi dai motar maigida ya gani da hantsi, ya buɗe ƙofa ya koma inuwa, bai leƙa mai tuƙi ba. Motar maigida ai ba a tambayarta.

Mai kamfani na ofishinsa, ya jingina da kujera yana kaɗa ƙafa. Ya ce ranar Lahadi bai fita ko ƙofar gida ba, makullinsa kuma ba ya rabuwa da shi. Ya ma zaro ya nuna, yana haɗe da makullin mota a zobe ɗaya.

"To motar da kanta ta zo?"

Ƙafar ta daina kaɗawa. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ya tuna, yayarsa ta ari motar da safe za ta sayo kayan shago. Shagon gyaran gashi gare ta a kan babban titi. Amma fa kada Sufeto ya ɓata lokacinsa, Yaya ce ta goya shi tun rasuwar uwarsu.

Sufeto ya ce masa ya shigo mota su tafi shagon tare.

Tun daga bakin shagon suka jiyo hayaniya. Wata mata ce ta tuɓe ɗankwali tana nuna kanta, gashin ya cure ya manne kamar an shafa masa gam. Cewa take yi tun Talata ta wanke sau uku, mataji biyu ta karya, kuma an ce mata sabon mai ne na musamman. Yayar mai kamfani, doguwa mai zoben zinariya a kowane yatsa, tana lallashinta tana cewa alamar man yana aiki ke nan.

Da Yaya ta ga kaki sai fara'ar ta ɗauke. Ta ce ita kasuwa kawai ta je ranar Lahadi, ba ta ma san hanyar siton ba.

Sufeto ya ɗauki kwalba ɗaya daga kan madubi, marar takarda, ya kifa ta. Abin ciki ya tsaya cak, da ƙyar ya fara motsi. Saje ya yaye labulen ɗakin ciki, ga bokitan fenti guda biyu cike da sinadarin an rufe da tawul, ga risho da tukunya a gefe.

"Cokali nawa kike zubawa?" Sufeto ya tambaya.

Yaya ta dubi kwalbar. Sai kuma ta zauna daɓas a kujerar kwastoma.

"Rabi da rabi," ta ce a hankali. "Na ɗauka in ya yi yawa zai fi aiki."

Daga nan bakinta ya buɗe. Shekara ashirin tana kitso da wankin kai har yatsunta sun ƙandare, ƙanin da ta yi wa wanka ya zama mai kamfani, mata na shigowa shagonta suna yabon mansa a gabanta. So take yi ita ma a ce man Yaya. Ta san an kama yarinyar, ta ce ta yi niyyar magana, sai dai duk lokacin da ta ɗaga waya sai ta ajiye.

Saje ya fito da ankwa. Mai kamfani ya yi tsalle ya tare ƙofa. Ya ce ya janye ƙara, kayansa ne kuma ya yafe, magana ce ta cikin gida.

"Yayata ce, ranka ya daɗe. Uwa ce a wurina. Ba za ta iya kwana a sel ba."

Sufeto ya dube shi, tausayinsa da haushinsa suka zo masa lokaci guda, har da haushin kansa.

"Wadda ka sa na rufe jiya ita ma 'yar wani ce, kuma ta kwana," ya ce. "Matsa."

Mutumin ya matsa. Aka fito da Yaya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, matan layin sun yi cirko-cirko suna kallo. Sufeto ya shiga gaba ya ce wa direba ya taka mota, ɗaya da rabi ta yi, kuma yana so ya zama shi da hannunsa zai buɗe wa yarinyar ƙofa.