Jar Motar Ja'afaru

Har yau akwai tsofaffi a Likoro da in ka ambaci jar motar Ja'afaru sai su tofar da yawu su kau da kai. Ni ma ba don daɗi zan ba da labarin ba, sai don wanda bai ji ba ya ji.

A lokacin, shekara biyu ke nan da sauke tutar Turawa. Ja'afaru yana da jakai shida, yana dakon gyaɗa da barkono daga ƙauyukan Ikara zuwa kasuwar Hunƙuyi. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai zafin nema, sai dai zuciyarsa ba ta san "ya isa" ba. Duk ranar da babbar mota ta taho ta tura jakansa cikin kwazazzabo, sai ya bi ta da ido har ta ɓace, yana cizon leɓe. Abin da yake kwana uku yana ja, ita kafin azahar ta sauke.

Wansa Sama'ila ya yi tuƙi a soja lokacin yaƙin Bama, ya dawo yana tuƙa motocin mutane. Ja'afaru ya yi ta matsa masa har ya yarda su sayar da fadamar da suka gada, a haɗa da jakunan, su sayi mota ta hannu.

Amma Ja'afaru ya ga yadda hanya ke cin motoci. Ya ga masu mota da dama sun koma tafiya a ƙasa. Tsoro da kwaɗayi suka haɗu suka ja shi, ba da sanin wansa ba, zuwa wani dutse a dajin bayan Gubuci, wurin wani boka da ake kira Jumare.

Da tsakar rana ya isa, amma ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin kogon sanyi ne kamar cikin rijiya. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Tukwane bakwai a kife, kowace an shafe ta da jini har ya yi ɓawo, gashin kaza ya manne. An rataye kan biri da ƙahonin bunsuru a jikin saiwa. Jumare na zaune kan fatar kura, daga shi sai warki da jan ƙyalle a ka, idonsa ɗaya fari fat.

"Mai jakai," in ji boka, tun kafin a yi masa sallama. "Ka gaji da warin kashinsu."

Ja'afaru ya durƙusa. "Baba, mota nake so. Wadda za ta ɗauki abin da biyu ba sa ɗauka, wadda ba za ta taɓa kwana a hanya ba."

"Akwai ta. Amma wadda ba ta cin ƙarfe, wani abin take ci."

"Raguna ne? Ko sa? Zan kawo."

"Ba ni za ka kawo wa ba. Kowace kaka, cikin abin da ka ɗora mata da hannunka, tana da ɗaya."

Ja'afaru ya yi lissafi a ransa. Buhu ɗaya cikin dubbai, ai ko ɓera ya fi haka ɓarna.

"Ɗaya tak?"

"Ɗaya tak."

"Ni zan ware mata?"

Boka ya yi dariya, haƙoransa baƙi ƙirin. "Kura ake zaɓa wa nama? Ita za ta zaɓa. In ka ji tsoro tashi, hanya a buɗe take. In ka miƙo hannu kuwa, babu komawa."

Ja'afaru ya miƙa.

Jumare ya jawo baƙin bunsuru ya danne shi da gwiwa, ya yanka shi ba tare da ambaton Allah ba. Jini ya yi tsartuwa har fuskar Ja'afaru. Ya tsoma wani guntun ƙarfe mai faɗin tafin hannu a cikin jinin, sannan ya cafki hannun daman Ja'afaru ya tsaga tafin da aska, ya danna shi a kan ƙarfen. Ja'afaru ya ƙwalla ƙara, don ƙarfen da bai ga wuta ba ya ƙona shi kamar garwashi. Tukwanen nan bakwai suka ɗauki rawa a ƙasa suna ƙwanƙwasar juna.

"Ka kafe shi ƙarƙashin kujerar direba," in ji boka. "In ka je wurin saye, kada ka bi ido, kada ka bi kunne. Wadda ka ga ƙudaje sun rufe alhali a wanke take, ita ce taka."

Ranar Litinin 'yan'uwan biyu suka shiga wani fili a Sabon Garin Zariya inda ake ajiye tsofaffin motoci. Dillalin, wani mai suna Ɗan'azumi, ya zaga da su. Sama'ila ba ya gaggawa. Kowace mota sai ya kwanta ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bodi ke zaune a kai, ya leƙa bakin mai, ya murza shi da yatsa, ya sa a tayar da inji ya kasa kunne, ya zaga baya ya dubi launin hayaƙi. A ƙarshe ya dafa wata koriya.

"Wannan ce. Ba ta da girma sosai, amma injinta na magana ɗaya, birkinta na kamawa, kayan gyaranta kuma ko a Maƙarfi za a samu."

Ja'afaru bai ma dube ta ba. Can ƙarshen fili akwai wata doguwar ja mai bodin katako, faɗinta kamar ɗaki. An wanke ta tas, amma ƙudaje sun yi mata baƙi tun daga kai har baya.

"Yaya, waccan fa?"

Sama'ila ya shiga ƙarƙashinta, bai daɗe ba ya fito fuska a murtuke. "Ƙashin bayanta ya taɓa karyewa, an yi walda an shafe da fenti." Ya hau bodin ya zura wuƙa tsakanin katako, ya zaro wani abu. Warwaron mace ne, a lanƙwashe, da busasshen jini. Ya juya ga dillali. "Malam, ka ji tsoron Allah. Me motar nan ta yi?"

Ɗan'azumi ya sosa ƙeya. "Ta taɓa kifewa da 'yan kasuwa. Amma ita ko gilashi ba ta fasa ba."

"Mutum nawa?"

"An ce sha ɗaya."

"Ja'afaru, mu tafi."

"Yaya, koriyar nan buhu nawa za ta ɗauka? Wannan sau biyunta ce. Mun sayar da fadamar ubanmu don mu sayi akwati?"

"Girman bodi ba shi ne mota ba. Ni zan tuƙa, ni na san abin da ke kashe mutum."

"To ka ba ni rabona, in nemi wani direban."

Sama'ila ya daɗe yana kallon ƙaninsa. Tun suna yara bai taɓa iya barinsa shi kaɗai ba. Ya jefar da warwaron ya ce, "Allah ya sa kada mu yi da-na-sani."

Sai arziki ya ɓalle kamar ruwan Agusta. Jar mota na ɗaukar lodin da sai an tsaya kallo, ta ratsa laka inda sababbi ke kafewa. Ko taya ba ta taɓa sacewa ba. Gyaɗar Ikara, raken Kudan, audugar Maƙarfi, kowa ita yake jira. Ja'afaru ya rushe gidansa na kara ya gina soraye a gangaren gari, ya yi wa matarsa Huseina kayan ɗaki, ya saya wa 'yarsu ƙarama Ummuhani 'yan kunnen zinariya.

A kakar farko, wata Laraba, wani ɗan dako mai suna Lado ya kasa hawa saman lodi a Ikara, Ja'afaru ya miƙa masa hannu ya jawo shi. Da suka isa Hunƙuyi, Sama'ila ya kashe inji, ya ja birki, aka tokare taya da itace. Lado na baya yana kwance igiya. Motar ta tsallake itacen nan ta yi baya da ƙarfi, ta matse shi da bangon sito. Mutane suka ji ƙasusuwansa na fashewa kamar busasshen kara. Jini ya fito ta baki da hanci, ƙafafunsa na harbin iska. Maza ashirin suka tura, ba ta motsa ba sai da ya daina shure-shure.

Aka ce ƙaddara. Ja'afaru ma haka ya ce wa kansa.

Kaka ta zagayo. Wata safiya Sama'ila ya gurɗe a ƙafa, Ja'afaru ya tallafe shi ya ɗora shi gaban mota. Da suka sauka a Kudan, Sama'ila na neman sifana ƙarƙashin kujera sai hannunsa ya taɓa ƙarfen nan. Ya leƙa. Ga shatin tafin hannu, jininsa ɗanye shakaf kamar yau aka zuba.

Ya cakumi wuyan rigar ƙaninsa. "Buɗe hannunka!"

Ya ga tabon. Ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗi.

"Wurin wa ka je? Shi ya sa ba ta lalacewa? Da jinin Lado muke cin tuwo?"

"Yaya, buhu aka ce mini! Wallahi buhu na ɗauka!"

"Yau ɗin nan zan kai ta daji in cinna mata wuta, mu koma noma ko da ƙodago ne."

Ya ɗingisa zuwa gabanta ya zura ƙarfen tayar da inji ya murɗa. Motar da ba ta cikin giya ta yi tsalle. Ƙarfen ya shiga ƙirjinsa ya ɓullo ta baya, ta tura shi ta kafe a jikin wata ɗorawa. Ja'afaru ya rungume shi yana ihu, jinin wansa na zuba cikin hannun rigarsa. Sama'ila ya buɗe baki zai yi magana, jini kawai ya fito.

A nan ne Ja'afaru ya gane. Lado da hannunsa ya ɗora shi. Sama'ila ma haka.

Da mai tsoron Allah ne, da a ranar ya tuba. Amma sai ya dubi sorayensa, ya dubi yadda ake zubewa ana gaishe shi, ya kasa. Ya karɓi tuƙin da kansa, ya kuma ƙulla mugun tunani: tun da cikin waɗanda ya ɗora take zaɓa, bari ya yawaita mata bare. Ya zama mai fara'a. Tsohuwa mai tallar nono, makaho, matafiyi, kowa sai ya sauko ya ɗora shi da hannunsa, kyauta. Mutane na ta sa masa albarka. Iyalinsa kuwa ya hana su ko taɓa motar.

A kaka ta uku, da hantsi, yana ɗaure lodi a saman gari, Ummuhani ta kawo masa fura. Shekararta biyar. Sai ga wani bijimi ya tsinke wa mahauta, ya taho kai a ƙasa, ya nufo yarinyar. Ja'afaru bai yi tunani ba. Ya sure ta ya cilla ta saman buhuna.

Bijimin ya wuce. Yarinyar na dariya tana cewa, "Baba, yau na hau!" Shi kuwa yana kallon hannunsa.

Ya sauko da ita ya kai ta gida, ya tura ta ɗakin uwarta. "Huseina, ku kulle ƙofa. Kada ta fita ko zaure har in dawo."

"Malam, lafiya? Me ya faru?"

"Ki yi abin da na ce!"

Ya ari keke ya yi Gubuci kamar zai tashi sama. Ya faɗi gaban Jumare yana kuka.

"Baba, ka kwance. Ka ɗauki gidan, ka ɗauki motar, ka ɗauki hannun nan ka sare."

"Ni dillali ne, ba mai kaya ba," in ji boka.

"Mutum ɗari na ɗora mata bana! Ta ɗauka a ciki!"

"Ashe ka san abin da kake yi. To kai da ka je saye, ta banza ka ɗauka, ko wadda ranka ya fi so?"

Ja'afaru ya zaro wuƙa ya yi kansa. Jumare ko motsi bai yi ba. Hannun ya sandare a sama, tsohon tabon ya tsage, jini ya gangaro har gwiwar hannu.

Ya dawo Likoro da la'asar, ya yanke shawarar abin da wansa ya so yi. Zai kai ta nesa da gari ya ƙone ta. Ya hau, ya juya kanta wajen daji. Sitiyari ya ƙwace daga hannunsa ya juya da kansa. Ya taka birki, birkin ya tafi ƙasa sakaka. Ya kashe inji, ta ci gaba da ruri. Ta miƙe gangaren nan da cikakken lodi, mutane na tarwatsewa, shi yana ganin katangar gidansa na matsowa, yana ƙwala kiran, "Huseina! Ku fito! Ku fito!"

Amma shi ya ce su kulle.

Ta fasa katanga, ta ratsa tsakar gida, ta shige ɗakin. Soro ya rufto.

Da aka tone, an sami Ummuhani ƙarƙashin tayar gaba. Uwarta na gefe, ko ƙwarzane babu, tana riƙe da hannun 'yar, hannun kaɗai. Ba ta yi kuka ba. Dariya ta fara, kuma ba ta daina ba har danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure. Ja'afaru kuwa inji ya danne masa ƙafafu ya niƙe su. A asibiti aka yanke su daga cinya. Cikin zafin ciwo ya yi ta sambatu, ya tona komai da bakinsa, gaban dangin Lado da matar Sama'ila.

Mutanen gari suka tara kara suka ƙone motar a inda take, tare da abin da ya rage na gidan. Kwana biyu tana ci, warin da ya tashi kuwa ba na roba ba ne. Da liman ya aika a nemo Jumare, aka tarar kogon ya zama kango.

Ja'afaru ya yi shekara tara yana jan gindi a bakin kasuwar Hunƙuyi. In an ba shi sadaka, daga nesa ake jefa masa. Da ya mutu, da ƙyar aka sami mutum huɗu da za su ɗauki makararsa.

Kai mai hanzarin tara abin duniya, ka ji da kyau. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba ya faɗin farashi da sunansa. Abin da Allah bai ba ka ba, in ka bi ta bayan gida ka karɓo, da naman jikinka za ka biya, kuma ba kai kaɗai ba. Gara ka ci guminka da gishiri ka kwana da 'ya'yanka a raye.