Goran Zumar Sajo

Sajo mai zuma ya fara ganin Fanta a kasuwar Jalingo, ta tsaya gaban gorunansa tana share hawaye. Likita ya hana mahaifinta, Malam Yuguda, shan suga, tsohon kuma ya ƙi kunu salam.

"Daina kuka, 'yar fara," in ji Sajo. "Suga aka hana, ba zuma ba."

Bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Wannan shi ne laifinsa, kuma ba ƙarami ba ne.

Duk Juma'a sai ya kai goran zuma gidansu a unguwar Turaki kyauta. Fanta ta riƙa ce masa Hamma, wato yaya, shi kuma ya ce mata Zumata. Tsoho ya sha, ya sa albarka. Sai wani ƙurji ya fito masa a ƙafa, ya ƙi warkewa, ya yi baƙi.

A asibiti aka haɗa su da Esta, mai tsara wa marasa lafiya abinci.

"Baba, me kake ci?"

"Wallahi ko ƙwayar suga ba ya taɓawa," in ji Fanta. "Zuma kawai, safe da yamma."

Esta ta dafe kai. "Ƙanwata, jininsa bai san bambancinsu ba. A daina zuma da lemon kwalba. Tuwo kamar dunƙulen hannunsa, miyar ganye ta fi tuwon yawa. Wake, kifi, zogale. Kada ya bar maganinsa."

Shawarar ta ceci ransa, ba ta ceci ƙafar ba. Aka yanke ta.

Hajja, uwar Fanta, ta fasa goran a ƙofar gida. "Kada ka sake tako mana nan!"

Sajo ya ci gaba da zuwa, da kwandon zogale da alayyahu. Ya ajiye a zaure, ya juya.

"Hamma, ka haƙura da ni," Fanta ta ce masa ta bayan zana. "In na dube ka, ƙafar Baba nake gani."

"Ni ma ita nake gani, Fanta."

Tsohon ya ji su. Ya sa aka shigo da Sajo.

"Kai ka kawo, ni na sha, babu wanda ya tambaya a cikinmu. Hajja, ya isa."

Bayan damina aka ɗaura auren Sajo da Fanta, ba nakiya, ba alkaki. Malam Yuguda ya dogara sanda, ya kama wuyan hannun ango.

"Ƙafa ɗaya ta rage mini, ba zan iya biyo sawun Fanta ba. Ka riƙe mini ita da hannu biyu. Allah Ya yi muku albarka."