Farin Tob ɗin Habboba

A wani bene a unguwar Hayyin Ashir, a ƙasar da suke gudun hijira, wata yarinya tana zaune da mahaifiyarta da kakarta. Sunan kakar Sabuwa, amma kowa Habboba yake ce mata, wato kaka a Larabcin Sudan.

A da, can Sudan, Habboba ma'aikaciyar gwamnati ce. Ita ce mace ta farko da ta zama duba-gari a garinsu. Da yaƙi ya koro su, ba ta fito da komai ba sai farin tob ɗinta, mayafin da mata ma'aikata ke naɗawa.

Malama Tasneem, malamar ajin yarinyar, ta gayyaci Habboba makaranta ranar Lahadi, don ta ba yara labarin aikinta.

Ranar Asabar, Umma da Habboba suka tafi kasuwar Ataba. Yarinyar ta buɗe akwati, ta naɗa tob ɗin, ta tsaya gaban madubi.

"Kai mahauci, rufe naman nan," ta ce wa kujera.

Tana juyawa, gefen tob ya ture kofin zoɓo. Ja ya malale a kan fari.

Ta goga sabulu, sai jan ya ƙara bazuwa. Ta ji tafiya a matakala. Ta dunƙule tob ɗin a jiƙe, ta cusa shi ƙarƙashin gado.

Da aka zo cin abinci, yarinyar ta yi ta juya cokali a kwano.

"Lafiya kuwa?" Umma ta tambaye ta.

"Tamam, lafiya lau, Umma."

"In kin gama, ki kai tob ɗina wajen mai guga," in ji Habboba.

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Habboba ta shiga ɗaki za ta yi la'asar. Ta tsaya cak, ta shaƙi iska, ta ji ƙamshin zoɓo da sabulu. Sannan ta zauna a bakin gado, ta kira jikarta.

"Lokacin da nake aiki, ba na fara leƙe-leƙe in na shiga gida," ta ce. "Nakan jira mai gida ya nuna mini da kansa. To, ga ni, ina jira."

Yarinyar ta durƙusa, ta jawo tob ɗin tana kuka.

"Kin san shi kaɗai ya rage mata?" Umma ta ce.

Habboba ta warware shi a kan cinyarta.

"Da kin faɗa tun muna shigowa, da ya fita da sauƙi," ta ce. "Yanzu ya kama."

"Ki yafe mini, Habboba. Ba za ki je makarantar ba ke nan?"

"Wa ya ce? A makon da na fara aiki, wani mahauci ya watsa mini ruwan jini. Ya ce mace ba ta isa ta duba masa nama ba. Haka na gama zagaya kasuwa da jinin a jikina. Zoɓo ne zai hana ni fita? Yalla, maza ɗauko gishiri da lemon tsami."

Ranar babu wasa. Yarinyar ta yi ta cuɗa tob a baranda har hannuwanta suka yi ciwo. Jan ya dushe, amma bai fita duka ba.

Washegari Habboba ta naɗa kayanta, ta tsaya gaban aji. Yara suka yi tsit suna saurare. A ƙarshe Malama Tasneem ta tambaye ta abin da aikin ya koya mata.

"Dattin da ke fili ba wuyar sharewa," ta ce. "Wanda aka ɓoye shi ke kawo cuta."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Yarinyar ta ji sanyi a ranta. Da aka tashi, ta riƙe hannun kakarta har gida.

Tun daga ranar, ba ta taɓa kayan wani sai da izini. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa nan take.