Lefen Da Aka Shanya A Rana

"Ku ɗauka a hankali, kada ku taɓa inda ta taɓa!"

Zuwaira ce mai wannan magana, ta toshe hanci da gefen gyale, tana nuna wa matan gidan su Ja'afaru, saurayin Sa'adiya, fantimotocin lefe. Sa'adiya tana tsaye a bakin ɗakinta, tana kallon Zuwaira. Ƙawarta ce fa tun suna makarantar horon malamai!

"Zuwaira... har da ke?"

"Hajiya ce ta aiko mu. Ta ce ɗanta ba zai auri mai tarin fuka ba."

Ko tarin mura Sa'adiya ba ta yi. Laifinta ɗaya: lokacin da fari ya cinye Nijar, ta bi ayarin 'yan sa kai zuwa Tawa bayan an kawo lefenta, da alkawarin biki in ta dawo. Da safe ta koyar da yaran sansani karatu, da yamma ta taya masu jinya raba kunu da magani. Ta dawo a rame, ta yi baƙi, an aske mata kai saboda ƙwarƙwata. Zuwaira, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Ja'afaru, kallo ɗaya ta yi mata ta sami abin kai wa uwarsa.

Washegari labari ya cika Unguwar Sarki: Hajiya Larai ta sa an shanya atamfofin a rana, a ƙofar gida, wai don cuta ta fita. Kafin wata ya mutu an fara maganar Ja'afaru da Zuwaira.

"Ki bar wa Allah, 'yar nan," in ji mahaifiyarta.

"Na bar masa, Inna. Amma wallahi sai sun ɗanɗana!"

Ta ci, ta sha, ta mayar da jikinta, gashi ya tofo. Da ta koma koyarwa, sai ta sauya hanya, kullum ta gaban ma'aikatar da Ja'afaru yake akawu take bi, ba ta ko waiwaye. Namiji kuwa, ai kun san hali! Ba a jima ba sai ga Vespa ɗinsa a ƙofar gidansu da la'asar.

"Sa'a... hasken idona, ki yafe mini. Ruɗa ni aka yi."

"Amaryarka fa?"

"Na fasa! Na rantse na fasa. Har Hajiya ta gane ƙarya ce."

Ta yi masa murmushin da ya hana shi barci shekara da shekaru. Har yanzu tana sonsa, kuma haushin hakan ya fi komai ci mata rai.

"To a dawo da lefena. Matan da suka ɗauka su za su kawo, a ka, a ƙasa, da rana tsaka. Zuwaira a gaba."

Hajiya Larai ta yi tsalle ta dire, amma ɗanta ya daina cin abincin gidan, dole ta sauko. Zuwaira kuwa 'yar ƙanwarta ce, ba ta da bakin musu. Haka suka taso daga Unguwar Shanu, unguwar su Ja'afaru, zuwa Unguwar Sarki ranar Asabar, gumi yana tsiyaya, mata suna leƙe ta kan katanga. Zuwaira ta sauke nata kayan idonta jawur. Sa'adiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Sannu da hanya, ƙawata. Yau hancin lafiya?"

Da yamma Ja'afaru ya zo, bakinsa har kunne.

"Masoyiyata, sai sa rana!"

Ta zauna nesa da shi a zaure.

"A Tawa na ga wani Buzu," ta ce. "Raƙumansa duk sun mutu. A bayansa ya goyo matarsa daga cikin hamada, tana tari, jini yana ɓata masa wuya. Da muka ce a raba musu shimfiɗa, sai ya ce in ciwon nata ne, to nasa ne. Ita nata ciwon gaskiya ne, Ja'afaru. Ni ƙarya aka yi mini, ko zuwa ka dube ni ba ka yi ba."

"Sa'a, don girman Allah..."

"Jibi ayarinmu zai koma, da ni za a tafi. Baba ya amince."

Ya miƙe.

"To me ya sa kika sa aka dawo da lefen?"

"Don su sake zuwa su ɗauka, gari yana kallo."

Ta shige gida da sauri, kada ya ga fuskarta. Tana jin Vespa ɗin ta tashi, ƙararta ta yi nisa har ta ɓace. Mahaifiyarta ta same ta durƙushe a bayan ƙyaure.

"Kin rama, ko? To kukan na mene ne?"

"Na rama, Inna," ta ce. "Na zaci in na rama zan daina sonsa."