Rubutun Adda Miriam

"Mama Joan... tsaya! Kar ki naɗe!"

Mai kifin ta tsaya da hannu a sama, mai yana ɗiga daga yatsunta. Dinatu ta fizge takardar da za a ƙunshe mata soyayyen kifin. Tsakar rana ce a Kasuwar Jalingo, ƙudaje sun yi baƙi a bakin tire, amma ita ba ta ganin komai sai ƙananan haruffan nan na shuɗin biro masu kwanciya gefe ɗaya.

Rubutun yayarta ne, Adda Miriam, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce.

"A ina kika samo wannan?"

"Malam Rufus ne, miji naki na gobe. Ya kawo mini a buhu, ya ce ya gama aiki da shi. Lafiya ko?"

Dinatu ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ga littattafan nan a yashe kusa da bokitin wankin kifi, sun sha ruwan ƙarni, ƙaya da ɓawo sun manne a bangonsu. Shida ta ba Rufus aro, huɗu ta gani. Ta toshe baki da gefen zaninta.

Waɗannan littattafai su ne duk abin da Miriam ta bari. Shekara uku tana karatun tarihi a kwaleji wurin Malam Job, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawo a kan keke daga Kona zuwa Mutum Biyu, yana zama da tsofaffin Mumuye da Jukun da Fulani yana jin labarin kakanninsu. Bai taɓa wallafa littafi ba, da ka yake koyarwa. Miriam ce ke rubuta duk abin da ya faɗa a aji, da kwanan wata, da sunan tsohon da ya ba shi labarin, har da barkwancinsa. Zazzaɓi ya ɗauke ta a shekararta ta ƙarshe, Malam Job ya bi bayanta da damina.

Da Rufus, sabon malamin tarihi a kwalejin, ya fara neman auren Dinatu, shi ya roƙi aron littattafan. Ya ce zai sa a buga su da tafireta, a ajiye a laburare da sunan Miriam da na malaminta. Ranar ta yi kukan daɗi a kafaɗarsa.

Ta tattara huɗun a leda, ta manta da kifin, ta nufi unguwar Majidaɗi, gidan Rufus.

Yana zaune yana goge takalmi lokacin da ta faɗa ɗakin. Ya miƙe da murmushi.

"Dina tawa! Yanzu nake..."

Ta juye ledar a kan teburinsa. Ƙarni ya cika ɗakin.

A gefen teburin ta ga tarin takardun da aka buga aka ɗinke, irin wanda malamai ke raba wa ɗalibai. Ta ɗauki ɗaya. Sunan Rufus ne a bango da manyan baƙaƙe. Ta buɗe shafin farko, kalmomin Malam Job ne tiryan-tiryan, an cire sunayen tsofaffin kawai.

"Ina sunan Adda?"

"Masoyiyata, zauna in yi miki bayani..."

"Ina sunan Malam Job?"

"Dina, abin da ke ciki ai na cece shi! Ɗalibai sun fi ɗari biyu suna karantawa. Ba abin da kike so ba ke nan?"

"Da sunan wa suke karantawa?"

Ya sauke murya, ya matso kamar zai riƙe hannunta.

"Saurara, zuciyata. Sai da rubutu ake samun ƙarin girma. Matattu ba sa buƙatar ƙarin girma, mu ne ke buƙata. Don gidanmu na yi."

Ta ja da baya. Bakin nan da ya sha faɗa mata kalaman da ke hana ta cin abinci don daɗi, yau kallonsa take kamar wani abu ya ruɓe a ciki.

"To me ya sa ka kai wa mai kifi? Me ya hana ka mayar mini?"

Ya dubi takalmin da ke hannunsa.

"Don kar wani ya gwada ya gane... ko ba haka ba, Rufus? Tir!"

A gida, da ta ce za ta fasa auren, wata wutar ta tashi. Saura mako uku bikin, an riga an yi shela sau biyu a coci. Kawu Elias, ƙanen marigayi babanta, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Saboda takardar naɗe kifi za ki kunyata mu gaban Fasto? Yaron nan malami ne, ba ya sha, ba ya duka! Me kike nema kuma?"

"Kawu, sata ya yi."

"Satar me? Akuya? Miriam ta tafi, 'yata. Ke kina raye!"

Dinatu ta juya wurin mahaifiyarta. "Mama, ki ce wani abu mana..."

Mama ba ta iya karatu ba. Ta ɗauki littafi ɗaya, ta shafa rubutun da tafin hannu, ta sansana, fuskarta ta yamutse. Ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta dawo da dutsen guga cike da garwashi da tsohon zani mai tsabta.

"Shimfiɗa mini shafukan ɗaya-ɗaya," ta ce. "A hankali, kar ya yage."

Kawu Elias ya yi tsaki ya fita.

Kwana goma suka yi suna aikin. Su kankare ƙaya da reza, su barbaɗa garin rogo ya tsotse mai, su shanya a inuwa, su goge. Warin bai fita duka ba. Littattafai biyun da suka ɓace kuwa sun riga sun shiga gidajen mutane da kifi a ciki. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, sai daga bugun Rufus ta kwafo abin da ke cikinsu da hannunta, babu sunan tsoho ko ɗaya. Kowane shafi ta gama sai ta wanke hannu.

Ranar da ta kai su laburaren kwaleji, Malama Aisatu mai kula da wurin ta daɗe tana juya shafukan.

"Kamar ina jin muryar Malam Job," ta ce, idonta ya ciko. "Me zan rubuta a kai?"

"Laccocin Malam Job. Miriam Nathan ce ta rubuta."

"Bugun nan na Malam Rufus fa? Kin san duk wanda ya karanta wannan zai gane."

"Na sani, Malama."

Tana fitowa ta ga Rufus a gindin darbejiya. Ya rame, gemu ya tsiro masa.

"Dina... zan janye bugun. Zan sa sunansu. Duk abin da kika ce!"

"Da ban je sayen kifi ranar ba fa?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ka gani? Sai mu yi aure, mu haifi 'ya'ya, kana zuwa gidanmu kana gaida Mama, kana sane da abin da ka yi."

"Faɗa mini gaskiya," ya ce. "Kin daina sona?"

Hawayen da ta riƙe kwana goma suka zubo.

"Ina sonka, Rufus. Shi ya sa nake jin ƙyamar kaina."

Ta zare zoben baikonsu, ta buɗe tafin hannunsa ta sa masa, ta rufe yatsunsa a kai. Ya kira sunanta sau uku. Ta bi titin da ƙafa har gida, tana kuka a fili, masu babur suna rage gudu suna kallonta.