Samfurin da Ban Bari Ba

Ni Ɗantala, shekara ashirin da biyar ina kwanciya ƙarƙashin mota a Karaye, ban taɓa ganin ƙarfe mai taurin kai irin motar Yaya Lado ba. Tsohuwar motar soja ce mai taya shida. Gonarsa ta gado ya sayar ya saye ta a gwanjo, yana kwaso wa mutane gyaɗa daga ƙauyukan Falgore, inda ƙananan motoci ke kafewa. Da ita yake ci da iyalinsa. Shi kuwa Yaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya kai ni koyon gyara.

Ana tsakiyar kaka ta fara shaƙewa. Ta yi gaba kaɗan, ta ja numfashi, ta mutu. Filtar mai ce ta toshe, gwangwanin nan da ke tace dattin gas kafin ya shiga inji. Na kwance ta, lambar jikinta ta goge tas. To mu makanikai in lamba ta goge, tsohuwar muke ɗauka mu yi ta yawo muna gwadawa. Samfur muke ce mata. Maigidana ya sha faɗa min: "Ka yar da sifana na yafe, ka yar da samfur ka bar min gareji."

Na taka kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa lungu-lungu. Wannan bakinta ya yi faɗi, waccan ba ta ɗauruwa. Kwana tara mota na tsaye. Yaya Lado ya zo ya zauna a bencina, ya yi tarin nan nasa, biyu a jere sannan gyaran murya, ya ce, "Ɗantala, masu gyaɗa sun fara neman wata motar." Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Sulle mai kayan gyara ne ya ja ni gefe. "Akwai irin motar yayanka a yashe a wani kwari bayan Ruwan Bago. Tun ina yaro take nan. 'Yan gwangwan masu tsintar tsohon ƙarfe ma ba sa taɓa ta."

"Saboda me?"

"Oho. Ni dai in za ka, ka je da rana."

Da ranar na tashi, tayar babur ta yi faci a hanya. Ban isa ba sai da rana ta yi ja. Hankali ya ce in juya, na ce kai, aikin minti biyar.

Tana nan a ƙasan kwarin. Tayoyi sun nutse, marke ya tsiro ta tsakiyar bodinta. Ba kukan tsuntsu, ba na gyare. Sai warin gas, sabo, kamar yanzu aka zuba.

Na dafa bonet. Da ɗumi.

Na ce rana ce ta dake shi. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, irin ƙarar injin da aka kashe yanzu yana hucewa.

"Bawan Allah, ba sallama?"

Wani tsoho ne zaune a mazaunin direba, ƙofar ma babu. Rigar kaki ce a jikinsa, ba maɓalli ko ɗaya. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Na rantse da na sauko ba kowa a wurin.

Na durƙusa. "Salamu alaikum, Baba. Barka da yamma. A yi min afuwa."

Bai amsa sallamar ba. "Kawo samfur."

Ban gaya masa abin da ya kawo ni ba. Na miƙa. Ya juya ta, ya sunsuna, ya dawo min da ita. Ta yi sanyi ƙalau.

"Iri ɗaya ce. Cire tata, ka ɗaura taka a gurbin. Ba a barin ta da baki a buɗe. In ka bari, da kanta za ta nemo abin toshewa, kuma a gidan mai motar take nema."

"To, Baba."

Na zura hannu. Abin da ya shekara arba'in a daji, da yatsa uku ya kwance. Fes take, kamar daga kwali.

Na ɗauko tsohuwar zan ɗaura. Nan hannuna ya tsaya. Wata shida, wannan ma za ta toshe. Ba lamba, ba samfur, da me zan nemo wata? Shekara ashirin da biyu ban taɓa barin samfur a ko'ina ba.

Na leƙa. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Na buga sifana a jikin ƙarfe kamar mai ɗaurewa, na zura duka biyun a aljihu.

"Ka ɗaura?"

"Na ɗaura, Baba."

Na fara hawowa daga kwarin. Taku goma, na ji wata ƙara a bayana. Fuuu. Iska na shiga ramin da na bari.

Fuuu.

Ciyawa ta kwanta, duk ta fuskanci motar. Rigata ta ja baya. Numfashina ya fara fita ba da izinina ba.

Na faɗi, na rarrafa. Bakina ya kasa haɗa addu'a, sai "A'uzu, a'uzu" kawai.

Fitilunta suka kawo. Motar da ba batir.

Ban san yadda na tayar da babur ba. Ban waiwaya ba har na ga wutar masu shayi a Rogo.

Da safe na ɗaura wadda na cirowa a motar Yaya Lado. Ta zauna daram, bugu ɗaya mota ta tashi. Yaya Lado ya rungume ni a gaban mutane yana dariya. "Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Ban gaya masa komai ba.

Da azahar matarsa, Yaya Tani, ta kira ni tana kuka. Na same shi kwance a tabarma. Ya ja numfashi, ya tsaya. Ya ja, ya tsaya. Kunnen makanike ba ya mantuwa: haka motar take yi kafin ta mutu. A asibiti suka ce ba su ga abin da ya toshe ƙirjin ba.

Washegari na figi babur zuwa kwarin da samfur a aljihu, rana tsaka wannan karon. Ba tsoho, ba warin gas. Bonet sanyi. Na zura hannu in ɗaura.

Gurbin a toshe yake.

Wani abu ne ɗaure a wurin, sumul, da ɗumi. Na sa sifana, na sa duk ƙarfina, ko gezau. Na yi magiya, na ce ga taku na kawo, ku yi wa Allah. Sai na kara kunnena.

Tari biyu a jere. Sannan gyaran murya.

Kafin in koma Karaye an yi wa gawar Yaya Lado wanka.

Shekara uku ke nan. Motar na aiki, Mujahid babban ɗansa ke ja, filtar ba ta taɓa toshewa ba. Ni na bar gyaran manyan motoci. Samfurin na nan a akwatina, ba wanda ya taɓa tambayata shi. Jiya Mujahid ya tsaya a ƙofar gareji ya ce, "Baffa, ba za mu nemi wata filtar mu ajiye ba, saboda tsaro?"

Na ce masa a'a. Wannan babanka ya riga ya biya.